Riɗin da Inna Ta Ƙi Shukawa

Farkon damina ne, amma irin daminar da ta leƙo ta koma. An yi ruwa sau ɗaya, mutane suka yi gaggawar shuka gero, sai sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari ya taso daga gabas, ya tsaya bisa tafki, ya yi duhu, ya watse ba ko ɗigo. Zafi ya zauna cikin ɗakunan sumuntin da aka gina mana a tudu, ba ya fita ko an buɗe ƙofa. Shekarar duka haka na ji ta, kamar an kifa mana ƙwarya. A cikin wannan jira ne Allah ya karɓi ran Inna, uwar maigidana, ranar Talata da hantsi, damina ta huɗu bayan ruwan Kainji ya shanye gungunmu, tsibirin da aka haife ta a kai.

Mutane sun zo daga Wara, daga Yelwa, har daga Shanga. Ƙanen Inna, wanda muke ce wa Kawu, bai shiga sahun salla ba, domin har yanzu addinin kakanni yake bi, amma shi ya fara sa dundurusu a kabari. Da aka dawo bai zauna wurin maza ba. Ya shigo tsakar gida ya nemi turminta, ya sa hannu ya shafo cikinsa, ya kai hanci, ya daɗe a tsaye. Matan coci da ke maƙwabtaka da mu suka kawo itace da ruwa ba wanda ya roƙe su. Bafillatanar da ta shekara da shekaru tana kawo mata man shanu ta zauna bakin ƙofa tana kuka, tana cewa an hana ta shigowa da ƙwaryarta wata biyar, to ga shi dai ba man nata ya ɗauke tsohuwar ba. Babbar ɗiyar Inna kuwa, yayar maigidana, wadda nake ce wa Yaya, ta iso daga Yelwa, ta yi kukanta, ta share hawaye, ta ja ƙofar ɗakin Inna ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

Duk wanda ya buɗe baki maganar mai yake yi. Wa zai ƙara matse man riɗi irin nata, wanda zai shekara a tulu bai juya ba? Ni ba a yi mini ta'aziyya sosai ba. Matar ɗa ce ni, sannu da aiki ake ce mini. Na karɓa. Amma tun da na iya riƙe fensir, na ce bari in rubuta abin da na sani, kada a tuna da man a manta da mai matse shi.

Iya rubutun ma Inna ce sanadi. Shekarar da aka sami mulkin kai aka kawo ni gungu ina amarya, a shekarar kuma aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a ƙetaren kogi. Maigida bai so ba. Inna ba ta yi gardama da shi ba, ta dai kwance kwalekwalenta ta ce in shiga. Ita ke tuƙa ni, ta jira ni a gindin giginya tana saƙar faifai, ta maido ni. Ta ce gara a sami mutum ɗaya a gida da zai san abin da takarda ke faɗi a kanmu. Duk tsawon tafiyar ba na ɗaga ido in dube ta, ita ma ba ta kiran sunana. Amarya take ce mini, har na haifi huɗu ban tashi daga Amarya ba. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, ban taɓa ce mata a'a ba. Haka surukuta take a wurinmu, kuma ban ɗauke ta nauyi ba sai daga baya.

Gungun an san shi da albasa, amma Inna riɗi ne nata. Tana da gona a ƙololuwar tudun gungu, inda yashi yake, inda ta ce ruwa bai taɓa hawa ba tun zamanin kakarta. Irin kuma na kakar ne, ƙanana, jajaye-jajaye, ba fari irin na kasuwa ba. In za ta matse mai sai ta wanke shi ta rege, ta shanya a inuwa, ta soya sama-sama a kasko. Ba ta duba launi, kunne take sawa. Da ƙwaya ta fara tsalle sai ta sauke. Ta daka har ya zama laushi, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana murzawa, sai ka ga man ya taso yana ƙyalli. Ta kwashe a ƙaramin tulu, ta toshe baki, ta tura ƙarƙashin gado inda rana ba ta kaiwa. Ba ta yarda a bar mai a buɗe, ba ta yarda a soya abu sau biyu da mai ɗaya. In mata suka kawo mata man gyaɗarsu suna kukan yana saurin wari, sai ta ɗiga musu nata a ciki, ta ce su je, zai tsare musu shi. Kuma yana tsarewa. Takan ce man da ya juya a tukunya har yana maƙaƙi a wuya, in ya shiga ƙirji ma ba zama lafiya zai yi ba. Ba ta je makaranta ba, hancinta ne ya gaya mata.

Da aka zo aka shafa lamba a ƙofofinmu, aka bar takarda, ni aka kira in karanta. Na karanta a durƙushe cewa za a tare kogi, ruwa zai hau, za a kwashe mu zuwa tudu. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Karatun da na kai ki kinka koyo, abin da ya fara karanta mini ke nan.” Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Ranar tashi ta bar gadonta, ta bar randunanta. Abu uku ta riƙe a jirgi: turmi, goran irin riɗi da ta cakuɗa da toka ta liƙe bakinsa, da ƙullin yashin gonarta a tsumma.

A sabon gari kowa ya shiga ɗaki mai lamba. Daɓen sumunti ne, in ka yi daka a kai sai ya tsage, ƙasar bayan gida kuma tsakuwa ce. Maza suka koyi jefa koma a tafki, mata suka koyi ƙyafe kifi. Inna ba ta koyi komai ba. Ta rataye goran a bango bisa kanta, ta ce ba a tudun baƙi za a shuka irin kakarta ba, sai ruwa ya koma.

Abin da ya riƙe ta shi ne ruwan yana komawa ɗin. Kowace bazara tafkin yakan ja baya, ya bar laka da kututture, har kawunan giginyoyin gungunmu su ɓullo can tsakiya, baƙaƙe, ba ganye. Sai ta ɗauki kujerarta ta zauna inda za ta hango su. Kullum ta dawo ta ce yau ya ragu da taki biyu. In kaka ta yi, ruwan ya dawo ya rufe su. Ta ɗauke kujerar. Da ya zauna cike ɗungum da wataƙila ta haƙura. Amma kowace shekara sai ya nuna mata gida ya sake rufewa.

Kowane farkon damina kuma takan buɗe goran ta ƙirga ƙwaya ashirin, ta binne a fasasshen kasko, ta ga ko irin na da rai. Shekarar farko kusan duka suka fito. Ta biyu sun ragu. Ta uku ba su kai rabi ba. In sun fito ta gani, sai ta bar su su bushe a kaskon. Ni ina kallo. Na sani daga wata ƙaramar takardar noma da muka karanta a aji cewa riɗi ba ya son inda ruwa ke kwanciya, tudu yake so, kuma iri in ya daɗe a ajiye mutuwa yake. Bayan ɗakinta ma zai yi. Amma da wane baki zan gaya mata? Na gaya wa maigida ya gaya mata. Ya je ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce ta ce a tambayi takardar ko ta taɓa cin riɗi.

Bara da sanyi ƙafafunta suka fara kumbura. In ta taka zuwa bakin ƙofa sai ta tsaya tana haki, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta. Alwala ta gagare ta wasu lokutan, sai ta kwance ƙullin yashin nan ta zuba a faifai tana taimama da shi. Muka kai ta ɗakin shan magani. Malamin asibiti ya sa abin saurare a ƙirjinta, ya ɗaura mata abin awon jini a hannu, ya ce zuciyar ce ta gaji. Ya ba da ƙwayoyi. Ya ce a janye mata gishiri da kanwa, a bar man shanu, a bar duk abin da aka soya da man da ya sha wuta. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi man riɗi fa. Ya ce kaɗan, in sabo ne, ya fi mata wancan. Ya ce akwai wani abu a cikinsa da ke hana shi saurin lalacewa, masana kuma na ganin yana iya taimakon jijiyoyin jini, amma kada in ɗauke shi magani in bar ƙwayoyin. Da aka mayar wa Inna abin da ya faɗa, ta dube shi sama da ƙasa ta ce wa ɗanta, a ce wa yaron ga ya yi karatu mai kyau, saura kaɗan ya kamo ta.

Dariyar da muka yi ranar ita ce ta ƙarshe. Miya ba gishiri, ba kanwa, ba man shanu, Inna ta ƙi ci. In na kai mata ta taɓa ta ture. Na sa maigida ya sayo riɗi a kasuwar Yelwa, na matse yadda ta koya mini, na ɗiga a miyar. Ta shinshina ta ce wannan ya kwana a rana, ta mayar da murfi. Ƙafafu na ƙara cika, wuya na ƙara ramewa, har ƙashin kafaɗarta ya fito. Maigida ya ce in yi yadda zan yi ta ci. Malamin asibiti ya ce ƙwayoyin ba za su zauna a cikin da ba abinci ba. Ita kuma ba a ce mata ci. Ina tsakiya, ba gaba ba baya, ga gora rataye bisa kanta ina ganinsa kullum in na shiga shara.

Wata rana da azahar an fito da ita inuwa ta sha iska, na shiga na sauke goran. Na ɓamɓare bakin. Na ɗebi kusan rabi, na mayar na liƙe na rataye. Na je gidan maƙwabta na wanke, na soya, na daka a turminsu don kada ta ji ƙamshi. Man da ya fito bai cika ƙaramar kwalba ba.

Da yamma na kai mata tuwo da miyar kuɓewa, na ɗiga a kai, na fita na tsaya bayan ƙofa. Na ji shiru. Can na ji ƙarar kwano. Da na shiga ɗauka ta suɗe shi tas. Kwana uku tana ci haka, har maigida ya fara cewa sauƙi ya samu. A na huɗu ta ce in sauko mata da goran. Ta riƙe shi a tafin hannu, ta jijjiga a kunne, ta miƙo mini in mayar. 

Daga nan ta daina yi mini magana. Bango take yi wa. In na shiga sai ta juya ta ce wa bangon, a gidan ga akwai ɓera mai karatun boko, wanda ya iya liƙe baki bayan ya gama. Ta ce wa bangon, wasu an tuƙa su a jirgi an kai su sun koyo wayo. Yaya ta zo dubiya ta ji labari, ta tsaya tsakar gida ta faɗi abin da ta faɗa. Ina da amsa, amma ba a haife ni da bakin faɗinta ba. Abincin dai Inna ba ta daina ci ba, ni ma ban daina ɗigawa ba. Kullum in kai, ta zagi bango, ta cinye.

Da aka yi ruwan nan guda na farkon damina, ta ce wa bango a kawo kasko. Na kawo. Ta ƙirga ashirin da yatsun da suka kumbura, ta binne. Muka jira. Huɗu suka fito.

Kwana biyu kafin rasuwarta, bayan la'asar, ba kowa a gidan, na shiga ina shafa mata sauran man a ƙafafu. Ina durƙushe a daɓe. Ta buga tabarmar da take kai da tafin hannu, ta ce in hau. Na ce a nan ma ya yi. Ta sake bugawa. Shekara goma sha biyu ina gidan, ranar na fara zama tabarma ɗaya da ita.

Ta ce, “Tun loma ta fari na sani. Kina tsammani ban san riɗin kakata ba?”

Na sunkuyar da kai na ce ta gafarce ni.

“Ba da ke nike faɗa ba, Amarya. Na sani kuma na ci. Na ci gunguna da bakina, don ina jin yunwa.” Ta tsaya ta yi numfashi, ya daɗe kafin ya dawo mata. “Ruwan ga ba ya komawa. Na daɗe da sani. Amma in na sa irin ga a ƙasar ga da hannuna, na yarda ke nan, kuma ni ba ni iyawa. Ke kina iyawa. Kada ki bari a soya shi.”

Ba wanda ya ji sai ni da bangon.

Ranar kwana shida da rasuwa, Yaya ta buɗe ɗakin ta fito da goran. Mata na zaune ana shirin sadakar bakwai. Yaya ta ce abin da Inna ta fi so a duniya shi ya kamata a yi mata sadaka da shi, gobe za a soya riɗin a yi kantu da zuma a raba, ladan ya isa gare ta. Kowa ya ce madalla. Magana ce mai kyau, ba wanda zai ce ba kyau. Ni kuwa matar ɗa ce, ba ni da gado a ɗakin, ba ni da shaida, kuma duk wadda ke zaune a wurin ta san ni ce na taɓa goran a ɓoye. In na yi shiru gobe da hantsi irin kakar Inna ya ƙare a kasko. In na yi magana an ce ga ta nan kuma.

Na aje muciyar da ke hannuna, na je gaban Yaya na durƙusa. Muryata ba ta da ƙarfi, sai da mata suka yi shiru kafin a ji. Na ce Inna ta bar mini magana a kan riɗin nan.

Yaya ta ce, “Ke da kinka ci rabi tana da rai, yanzu sauran kike so?”

Na ce, “Ba ci zan yi ba, Yaya. Shukawa zan yi.”

“A ina? Gonar tana ƙarƙashin ruwa.”

“Bayan ɗakinta.”

Wata tsohuwa ta ce ai marigayiyar ta rantse ba a tudu ba. Na ce haka ne, ta ce ita ce ba ta iyawa.  Yaya ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɓalle bakin goran, wataƙila don ta ga nawa ya rage, sai ƙamshin ya bugi hancinta. Na ga fuskarta ta canza. Ta rufe ido, hawaye suka zubo, ta ce haka hannun Inna ke ƙamshi in ta kama fuskarta tana yarinya. Ta share da gefen mayafi, ta ce in buɗe hannu. Ta zuba mini cikin tafi ɗaya, ba ta ƙara ko ƙwaya ba.

Ta ce, “Sauran na sadaka ne. In bai fito ba, ke da ita.”

Na ƙulle a bakin zanena. Huɗu cikin ashirin, ga sama ta ƙi ruwa, ga ƙasa tsakuwa. Na san lissafin bai ba ni gaskiya ba.

Allah ya sanyaya makwancin Inna, ya yalwata mata shi fiye da ɗakin da ta ƙare kwanakinta a ciki, ya ba ta numfashin da ya gagare ta a nan. Ya yafe mata, ya yafe mini abin da na ɗiba ba da izini ba.

Washegari bayan sallar asuba na shiga ɗakinta na ɗauko faifan taimamarta. Har yanzu akwai shatin yatsunta a yashin. Riɗi ƙanana ne, ba a watsa shi tsura sai an cakuɗa da yashi, ita ta koya mini. Na kwance bakin zanena na zuba a ciki na gauraya. Na ɗauki fartanya na zagaya bayan ɗakin, gefen da ba a hango tafki, na tsince duwatsu, na ja layi uku gajeru, na yafa. Daga tsakar gida na ji Yaya ta ɗora kasko, ƙwaya ta fara tsalle. Na ja ƙasa da gefen ƙafa na rufe sama-sama, don riɗi ba a danne shi. Na dubi gabas, ba hadari. Sai na ɗauki tulu na gangara tafki in ɗebo masa ruwa.